Ya Fanna, Mai Irin Tattasai da Waƙarsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Maris 2019, labari ya iske ni a Diffa cewa 'yan bindiga sun harbe ki, Ya Fanna, a tsohuwar gonarki ta bakin kogin Komadugu.

Mu biyu muka fara zuwa rumfarki a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga daga jami'a. Ni ina bincike kan irin tattasai na gargajiya, abokin aikina Bukar yana tattara waƙoƙin noma na Barebari. Malamanmu sun ce aikinmu bai haɗa hanya ba. Kika dube mu kika ce, da Hausarki mai karin Barbarci, "Kai ka ɗauki waƙa, ke ki ɗauki iri? Wanda ya raba su ba ya girbi." Sai kika rera, muka gane waƙar ce ke faɗa wa manomi ranar dashe bayan ruwa ya janye. Na auna, na tarar haka ne.

Ranar da aka kashe 'ya'yanki maza biyu, kin bar tukwane da tufafi, kika gudo da irin tattasai na kakanninki ƙulle a bakin zane. Duk da haka kika raba shi biyu kika ba ni rabi. Ba mu taɓa barin rumfarki ba tare da mun sha kunu ba, ko a watan da abincin agaji bai zo ba.

Naki rabin bai kama a rairayin Assaga ba. Nawa kuwa zafi ya kashe shi a ɗakin gwaji, da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki. Na zo na faɗa miki. Kika ce, "To, 'yata, saura wanda ya zuba a gona." Na ji ki sarai, ban hana ki ba. Bayan mako guda kika tafi nemansa.

Bukar ya kasa sake kunna muryarki da ya naɗa. Ni ma ban buɗe kundina ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya karɓi shahadarki, Ya sada ki da 'ya'yanki a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Zainaba da dukan mutanen garinku da ke zaman hijira. Zainaba, ni na kai wa mahaifiyarki labarin da ya tashe ta. Ki yafe mini.