Zanen da Muka Rufa wa Akwatin Wuta

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a ƙauyenmu, can bayan Kagoma, ba a watse taron biki ba tare da an ce in ba da labari ba. Wannan ma da baki na faɗe shi, 'yata ta sa a takarda.

Citta ce sana'armu. Tun ina yarinya nake tsaga ta da wuƙa, mu shanya a kan dutse, mu yini muna kallon sama kada ruwa ya sauko. Da tsufa ya kawo ni Kafanchan wurin ɗana, sai na tarar matan zumuntar cocinmu sun haɗa kai sun sayi injin busar da citta, sun kafa shi a wani ɗaki kusa da layin dogo. Kamar rumbu yake, amma na ƙarfe. Zafi na tasowa daga ƙasa, fanka na hura shi ya ratsa farantan citta. Matar ɗana aka ba mabuɗin ɗakin. Ibo ce, ubanta ya yi aikin reluwe, a nan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa.

Injin nan yana da wani hali. Yana cikin aiki sai ya tsaya cak, alhali ba a ɗauke wuta ba. Fanka ta yi shiru, zafi kuwa yana nan, kafin a sake tayar da shi cittar farantin ƙasa ta yi baƙi. Mai saye ba ya ko kallon baƙar citta.

Mata suka fara magana. "Ga ƙwan lantarki yana ci, to wa ya kashe inji?" Wata ta ce matar ɗana waya take dannawa maimakon ta kula da inji. Wata ta ce ai dama bai kamata a ba baƙuwa mabuɗi ba. Baƙuwa! Yarinyar da aka yi wa baftisma a cocin nan. Uwar zumunta, wato shugabarmu, ta ce in abin ya ci gaba za ta karɓi mabuɗin ta ba wata. Matar ɗana ta daina cin tuwo sosai.

Aka kira mai gyara, wani dattijo mutumin Zangon Kataf, mai furfura har a gira. Ni kuwa na ja kujerata kusa da shi, don ba na iya ganin abu ban tambaya ba.

"Baba, wuta tana nan, inji ya mutu. Yaya ke nan?"

"Mama, wutar ba tafiya take yi ba, durƙusawa take yi. In iska ta kaɗa reshe ya taɓa waya, ko wani babban inji ya tashi a gari, sai ƙarfinta ya faɗi, ƙiftawar ido, ya dawo. Ƙwai yana yafewa, ɗan lumshewa kawai zai yi. Ƙwaƙwalwar inji ba ta yafewa."

Ya kawo wani akwatin ƙarfe mai batura a ciki, ya haɗa shi tsakanin bango da inji. Ya ce da wuta ta durƙusa, akwatin zai tare.

Na ce, "In aka ɗauke ta yini guda fa?"

"Wannan aikin janareta ne."

Uwar zumunta ta riƙe haɓa. "Wato mun sayi ma'aikacin da aikinsa ƙiftawar ido ne kawai?"

Aka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Na tambaye shi yadda akwatin yake sanin wuta za ta faɗi, tun da ba a aiko masa da saƙo. Ya ce ba ya barci, sauraro yake yi kullum. A nan na gane. Lokacin da nake ba da waƙa a zumunta, akwai wata ƙawata, ta riga mu gidan gaskiya, da take tsayawa a bayana. Ba ta ba da waƙa. Amma da zarar na tsaya jan numfashi, sai ta riƙe muryar daidai inda na sake ta, har in dawo. Masu kaɗa tulu ba su taɓa jin rami a waƙata ba. Na faɗa wa mai gyara, ya ce in zo in riƙa yi masa bayani wurin masu saye.

Bayan ya tafi aka yi abin da muke yi wa kowane sabon abu. Fasto ya zo ya yi addu'a, muka rera waƙa. Uwar zumunta ta warware sabon zanen zumunta, ta rufe akwatin ruf, har ƙasa, ta ɗora furen roba a kai. Haka muke yi wa rediyo da talabijin a gida, balle a ɗakin da ƙurar citta ke sa mutum atishawa tun daga ƙofa. Har yau ban ga laifin niyyarmu ba. Abu mai daraja ba a barinsa tsirara.

Da farko lafiya lau. Sai akwatin ya fara wani ɗan kuka, tsit, tsit, kamar ɗan tsako. Wata ta ce godiya yake yi. Matar ɗana ta ce kukan bai yi mata ba, ta buga wa mai gyara waya, ya ce yana wani aiki a Jere, sai ya dawo. Ita kuma, da ake zarginta, ba ta da ƙarfin zuciyar taɓa zanen da shugaba ta shimfiɗa da hannunta.

Kafin ya dawo, ƙwai ya lumshe, inji ya tsaya, citta ta ƙone.

Washegari aka taru a ɗakin. Uwar zumunta ta miƙa hannu. "An ce wuta ce, mun saya mata magani. Yanzu kuma mene ne? Ba ni mabuɗin, 'yata." Matar ɗana ta kwance shi daga bakin zanenta ta ba ta. Ni na dafa akwatin don in miƙe, sai na ji zanen da zafi kamar goshin jariri mai zazzaɓi. A daidai nan babur ya sauke mai gyara.

Na ce, "Baba, ƙarfe yana zazzaɓi?"

Ya dubi zane, ya dubi fure, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta dariya har ya dafa bango.

"Iyayena, wa ya yi masa aure?"

Ya yaye zanen, ya nuna mana ramuka a gefe da wata 'yar fanka a baya. Ashe numfashi yake yi. In zafi ya yi masa yawa sai ya janye kansa, ya bar wuta ta wuce yadda ta zo, da durƙusonta da komai. Kukan nan, cewa yake yi a ba shi iska.

Uwar zumunta ba mai saurin sauka ba ce. "Na ji. Amma sai na gani da idona." Ta sa mabuɗin a jakarta.

Aka zuba sabuwar citta, aka tayar da inji. Muka zauna a ƙasa muna tsaga ta gobe, ido a kan ƙwai. Ban taɓa ganin mata suna roƙon wuta ta yi tuntuɓe ba sai ranar. Can da la'asar hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, iska ta buga ƙofa. Ƙwai ya lumshe. Akwatin ya ce ƙas. Fanka kuwa ko a jikinta, ta ci gaba da hurawa.

Wadda ta kira matar ɗana baƙuwa ta sunkuyar da kai tana neman wuƙarta, alhali tana hannunta. Uwar zumunta ta buɗe jaka, ta miƙa wa matar ɗana mabuɗin.

"Zo ki karɓi kayanki, 'yata. Nauyi yake yi mini."

"Mama, in rufe shi da zane?"

"Ji 'yar banza! Da bakinki ashe."

Zanen bai koma gida ba. Mun kafa ƙusoshi, mun ɗaure shi sama kamar rumfa, ya tare ƙura, iska na wucewa ta ƙasa. Furen ma yana nan, a kan taga.

Matar ɗana ta koma cin tuwonta, har da ƙari. Ni kuma a kusa da akwatin nake ajiye kujerata in na je tsaga. Akwai abin da har yanzu ban gane ba: wani lokaci yakan ce ƙas alhali ƙwai bai ko motsa ba. Na tambayi mai gyara ko ƙarya yake yi don a ce yana aiki. Ya ce a'a, akwai durƙuson da ido ba ya kamawa. Na ce to, zan ci gaba da kallo, wata rana zan riga shi.