Gwiwar Baffa Haruna

A gidanmu na unguwar Ƙurban, a Madina, wuta ba ta jiran lokacin sanyi. Ko a tsakiyar zafi, lokacin da bango ke ƙona tafin hannu har bayan magariba, sai Kaka ta hura gawayi a saman soro, domin da yamma take suyar gyaɗar da za ta sayar washegari a hanyar Masallacin Ƙuba. Takan zuba yashi a kasko, ta juye gyaɗa a ciki, ta riƙa juyawa da wani tsohon ludayin ƙarfe. Mu jikoki aikinmu murza ɓawo da ƙulla 'yan ƙunshi. Ladanmu tatsuniya.

Kaka da ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya, ta ratso Chadi da Sudan tare da iyayenta, Hausarta kuma ta tsinto kalmomi a hanya. Ƙannena suna jin duk abin da take faɗa, amma da Larabci suke amsa mata, sai ta yi tsaki ta ce an haifa mata jikoki masu rabin baki. Ni ce mai amsawa da Hausa, ko da yake ba ni da yawan magana. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana, Baba kuwa Ummi yake ce mini. Idan za ta fara, sai ta buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ga wata ta taso daga yamma da ƙura a ƙafa." Mu ce, "Ta sauka a gidanmu."

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Baba shi ne ɗan fari, kuma ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, balle ta dube shi ido da ido ta yi masa magana. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, ta ɗauko ta tun daga gida, shekarun Madina ba su rage mata komai ba. Yana tsaye a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Takwara, gaya wa mutumin nan abincinsa yana hucewa." Shi ma ta bakina yake mayar da amsa. Baffa Haruna kuwa auta ne, tana jan kunnensa, tana zaginsa da wasa, yana cin gyaɗar sayarwarta tana kora shi da ludayi.

Baffa Haruna ɗan ƙwallo ne. A ƙarshen shekarun saba'in yana buga wa ɗaya daga cikin kulob ɗin garin, a gefen dama, kuma saboda gudunsa 'yan kallo suka sa masa suna Barƙu, wato walƙiya. Shi kaɗai ne ɗan unguwarmu, ɗan Hausawa, a cikin 'yan wasan. Ranar da ya ci ƙwallo, Baba kan rabar da sauran tsirensa kyauta.

A wasan ƙarshe na wata kakar wasanni aka taka masa gwiwa. Ya dawo gida yana ɗingishi, gwiwar ta kumbura kamar ƙullin fura. Likita ya ce ya kwanta, kada ya taɓa ƙwallo sai bayan watanni. Ana cikin haka aka shiga hutu, labari ya bazu cewa kulob ya kawo sabon mai horarwa daga waje, zai sallami wasu ya ɗauki matasa, kuma zai duba kowa da idonsa ranar da aka koma atisaye. Wanda bai yi gudu a gabansa ba, ba shi a ciki.

Tukubar tsiren Baba tana ƙofar gida, daidai ƙarƙashin soron da muke zama. Duk wannan hutun, can magoya baya suke taruwa bayan magariba, muryoyinsu suna hawowa tare da hayaƙi. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, direban tasi, shi ne jagoran masu cewa a sauya.

"Yaya, ni fa ƙungiya nake so, ba dangi ba," in ji shi. "Bayanmu a buɗe yake kamar ƙofar masallaci. Mai tsaron gida ya tsufa, ƙwallo tana wucewa yana gyara wando. A sallame shi, a sallami kyaftin, Haruna ma ya huta shekara guda. Akwai wani yaro daga Khaibar, wallahi iska ce."

"Yaron Khaibar!" Baba ya ce. "Wanda ya saba guje wa kare a gonar dabino? Kai da ko tayar motarka ba ka iya zaɓa ba, kai ne za ka zaɓa mana 'yan wasa?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a bar mai tsaron gida, tsufansa ya fi ƙuruciyar wasu. Wani ya ce matsalar ba 'yan wasa ba ce, shugabanni ne da ba su taɓa buga ko lemun tsami ba. Kawu Sale ya jira hayaniya ta lafa, ya ce, "Ku dai faɗi gaskiya, da ƙafa ɗaya zai yi gudun?"

Muryar Baba ta sauya. "Sale, in ya fita shekara guda, ba zai koma ba. Ka san haka. Shi kaɗai ne namu a ciki. Ranar da suke kiran sunansa a fili, ni ba mai tsire ba ne, kai ba direba ba ne. Halas, magana ta ƙare, zai yi gudu."

Haka aka yi ta yi kullum, har gardamar ta daina zama ta ƙungiya ta koma ta Baba da Kawu Sale, wa zai kunyata. Daga nan wani ya kawo labarin wani tsoho a hanyar Badr mai yin sakiya. Yana ɗora ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗana a inda ke ciwo, kumburi ya sace, mutum ya miƙe. Mutane da yawa sun yarda da shi, Larabawa da namu. Baba ya yanke shawara za su tafi da Baffa ranar Alhamis, kuma ba za a gaya wa likita ko mai horarwa ba.

Yammacin Laraba duk gidan muna saman soro, saboda zafi. Baffa yana kwance a tabarma, ya ɗora ƙafar a matashi. Baba ya zauna can ƙarshen soron yana feƙe tsinken tsire, ya ba mu baya. Kaka ta buga ludayi, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a wani gari akwai rijiya mai zurfi, wadda sai da sa ake jan gugarta. Garin yana da wani jan sa da ba a taɓa ganin irinsa ba. Idan ya ja, guga takan fito kafin mai waƙa ya gama baiti, har mutanen wasu garuruwa suna zuwa kallo. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ya taka rami ya gurɗe. Da ruwa ya sauka aka rufe rijiya, kowa yana sha daga tafki, shi kuma ya kwanta a inuwa, ƙafar tana warkewa a hankali.

Sai gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a sayar da shi a sayi 'yan maruƙa biyu. Wasu suka ce har abada, a nan aka haife shi, da shi ake sanin garin. Suka yi ta gardama a gindin tsamiya damina guda, har wa da ƙane suka daina gaisawa. Sarkin rijiya ya gaji, ya ce ranar da tafki ya ƙafe za a gwada, in ya ja ya zauna, in ya kasa a kai shi kasuwa.

Tafki ya ƙafe ƙafar ba ta gama haɗewa ba. Masu ƙaunarsa suka je da asuba suka shafa mata barkono, suka ɗaure ta tamau da igiya, suka kira makaɗa. Kaka ta kwaikwayi muryar maroƙi, tana kaɗa kasko: "Ja na gari, ja mai ƙaho, tashi a san mu!" San ya ji, ya miƙe. Aka ɗaura masa igiya, ya ja, guga ta fito cike. Gari ya ɗauki guɗa. Masu ƙaunarsa suka tafi gida suna tsalle, masu son sayarwa suka tafi suna cizon yatsa, kowa yana ba da labarin yadda aka yi. Ba wanda ya tuna ya kwance shi. Da gari ya waye aka same shi a bakin rijiya, ƙashin ya fito waje, ungulaye sun jeru a kan tsamiya.

Ta dube mu ta ce, "To, wa ya kashe shi?"

Ƙanena ya yi caraf ya ce da Larabci, masu son a sayar da shi ne.

"Su da sun sayar da shi da ƙafa huɗu," in ji ta.

Na daɗe ina juya tambayata kafin na iya furtawa. Na ce, "Kaka, shi me ya sa ya tashi, tunda yana jin ciwo?"

"An kira sunansa da daɗi, Takwara. Wa ka gani an kira shi haka ya ci gaba da kwanciya?" Ta dubi wuta. "Nan na sauke ta. Mai kunne ya ɗauka."

Baffa Haruna ya rufe fuskarsa da hannu. Wuƙar Baba ta tsaya da fiƙa. Na ɗauka zai juyo. Sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ummi, gaya wa kakarki gyaɗarta tana ƙauri."

Gaskiya ne kuwa. Ta manta da juyawa, kaskon duka ya ƙone. Ban taɓa ganin ta ƙona gyaɗa ba sai ranar.

Sun tafi da safe, a motar Kawu Sale ma, domin duk da gardamarsa bai iya hana mijin yayarsa mota ba. Sun dawo da la'asar. Abin da na fi tunawa shi ne warin. Da aka kwance tsumman, ga tabo baƙi a zagaye da gwiwar, ɗakin ya cika da ƙaurin da na saba ji daga tukubar Baba. Na daɗe ban iya cin tsire ba bayan nan.

Kumburin ya ragu, ko kuma zafin ƙunar ya danne na ciki, ban sani ba. Ranar gwaji Baffa ya ɗaure gwiwar, ya ja dogon safa, ya yi gudu. Mai horarwa ya bar shi a cikin ƙungiya, ya sallami mai tsaron gida da kyaftin. A daren Baba ya rabar da tsire, ya ce wa Kawu Sale, "Ina yaron Khaibar?" Kawu ya ɗaga hannu sama ya ce an ci shi. Muna jin shewarsu daga soro. Kaka ba ta yi tatsuniya ba, ta ce maƙogwaronta yana ciwo.

Ya buga wasanni kaɗan. Kullum yana dawowa ya shige banɗaki ya daɗe, ya fito idonsa ja. Da sanyi ya shigo, wata ranar Juma'a, ya juya da ƙwallo shi kaɗai, babu wanda ya taɓa shi, gwiwar ta tafi. Daga asibiti aka kawo shi gida, maza suna riƙe da shi, Baba a gaba yana buɗe ƙofa.

Kaka tana tsakar gida tana tankaɗe yashi. Ta ajiye rariya, ta miƙe, ta dubi Baba a ido.

"Usmanu," ta ce.

Ni sai a lokacin na ji yadda sunan mahaifina yake a bakin wadda ta haife shi. Baba ya tsuguna a inda yake, kamar an sare shi, ya daɗe bai ɗago ba.

Baffa bai sake gudu ba. Da sanda ya ƙarasa ƙuruciyarsa, daga baya ya karɓi tukubar tsire. Da hutu ya zagayo, aka ɗauki yaron Khaibar, kuma mutanen nan dai suka taru a ƙofar gidanmu suna gardamar ko ya cancanta, Baffa yana juya musu nama. Kaka ta ci gaba da tatsuniyoyinta har ta rasu, amma ba ta sake yin ta jan sa ba. Na taɓa roƙonta, ta ce, "Waccan ta bar bakina ta shigo gida, me za ki yi da ita?"

Ina yarinya na ɗauka labarin yana nufin jama'a ba su da amana. Da na girma, na yi karatu, na ga abin ya fi haka nauyi. Baba bai ƙi ƙanensa ba, ya so shi fiye da kowa, sai dai son ya cakuɗe da abin da shi kansa yake ji idan an kira sunan a fili, har ya kasa rabewa. Kaka ta ga haka sarai. Maganar da za ta tsayar da tafiyar tana bakinta, ita ce uwa, da ta ce kada a je ba za a je ba. Amma kunyar da ta riƙe shekara da shekaru ta sa ta zagaya ta bayan labarin jan sa da rijiya, shi kuma kunyar nan ta ba shi damar yin kamar bai ji ba. Ban san wanne zan ɗora wa laifi ba, na kuma daina nema.

Har yau idan hutu ya zo ina jin maza suna lissafa wanda za a riƙe da wanda za a sallama, kowa da hujjarsa, kowa yana rantsuwa. Ba na sa baki. Kwanaki dai ɗan Baffa yana ta kumfar baki a kan wani ɗan wasa da ya ce ko ta halin ƙaƙa sai an bar shi ya buga, shi ne ran ƙungiyar. Mahaifinsa yana gefe, sandarsa a jingine da bango. Ya bari yaron ya gama, sannan ya ce, "Ka tambaya yaya ƙafarsa?"