Gaisuwar Suruki a Cikin Sakan Talatin

Maigidana bai taɓa yi wa mahaifina magana a tsaye ba. Ko ta waya ce, sai ya durƙusa. Na sha ganinsa a tsakiyar falonmu na unguwar Al-Badi'a a Riyad, gwiwa a ƙasa, waya a kunne, yana jero gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ga shi injiniya guda mai ma'aikata a ƙarƙashinsa. Baba kuwa ya fi shekara ashirin yana aiki a rumfar wani dillalin dabino a kasuwar Al-Aziziya, kuma shi ma bai taɓa kallon surukin nasa ido cikin ido ba. In yana da saƙo, ni yake ba: "Ki faɗa wa Injiniya." Ko da Injiniyan yana zaune a gefensa.

A shekarun nan mata ba su fara tuƙi a Riyad ba, don haka shi yake kai ni asibitin da nake aikin jinya, a wata tsohuwar mota da na'urar sanyinta ta mutu tun kafin ta zama tamu. Kafin mu isa, abayata ta jiƙe sharkaf. Na tsani motar nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Akwai wata tashar talabijin da ke gasar kacici-kacici kai tsaye kowace Juma'a bayan la'asar, wanda ya amsa tambayoyin duka ya tafi da sabuwar mota. Maigidana ga karatu, ga Larabci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Kullum sai ya riga masu gasar ba da amsa, yana kishingiɗe. Ran nan abin ya ishe ni na ce, "Malam, ni kake burgewa, kuma ni ba ni da motar bayarwa. Ka je can ka faɗa musu." Ashe maganar ta shige shi. Ya rubuta musu, suka kira shi.

A dokar gasar, an yarda mutum ya kira wani ta waya sau ɗaya ya nemi taimako, amma sakan talatin kacal. Ya ce duk abin da ke cikin littafi zai ji da shi, wanda babu a littafi kuwa Baba ne ya sani. Lambar Baba ya ba su. Na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma hankalina ya tashi, don na san a sakan talatin ko "ya gajiya" ba za su wuce ba.

Mako guda muka yi muna gwaji. Ni ce Baba, agogo a hannuna. In ce, "Yalla, fara." Sai ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum. Baba, an wuni..." In ce, "Ka faɗi, sake." Sau ɗaya tak ya iya yin tambayar kai tsaye, shi ma sai da ya bi ta da "a yi haƙuri". Da na je wa Baba da maganar, sai ya dube ni ya ce, "Babu gaisuwa? Faɗa muka yi da shi?"

Ranar Juma'ar Baba ya zo gidanmu da farin kaftani, ya sha turare kamar shi za a nuna. Ya zauna gaban talabijin ya ɗora wayarsa a kan cinya. Maigidana ya dinga cinye tambayoyi, ni kuwa na kasa zama, in leƙa kicin in dawo ba tare da na san abin da ya kai ni ba. Har aka zo kan ta ƙarshe: dabinon nan barhi, wanda ake ci tun yana rawaya garas-garas, daga wane gari asalinsa yake?

"Basra," in ji Baba, ko gezau. "Masu gonakin da ke kawo mana shi sun ce kakanninsu daga can suka ɗauko irin."

A talabijin kuwa maigidana sai zufa yake. Ya ce zai kira waya. Wayar Baba ta yi ƙara, agogo ya fito a jikin allo, sai kawai muka ga kujera ba kowa. Mai gabatarwa ya leƙa ƙarƙashin tebur. Bawan Allah ya sauka ya durƙusa, a gaban duniya.

"Salamu alaikum. Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Amsa tana bakin Baba, mota tana bayan maigidana da jan ƙyalle a ɗaure, agogo ya sauko goma sha biyu. Na cusa gefen mayafi a baki na ciza. Ina jin haushinsu su biyun, kuma dariya tana neman shaƙe ni.

"Ya ciwon ƙafar kuma?"

Baba ya dubi agogon, ya dube ni. Sai ya ɗaga murya yadda yake yi wa masu sauke kaya a kasuwa.

"Ɗana, Basra ce. Tashi ka zauna."

Layin ya katse. Kan maigidana ya ɓullo daga bayan tebur, ya ce Basra, mai gabatarwa ya daka tsawar mabruk yana taya shi murna, takardu masu ƙyalli suka zubo daga sama. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Na fita har matakala ba takalmi, na dawo, na sake fita. Maƙwabciyarmu Balarabiya ta buɗe ƙofa tana tsammanin haihuwa aka yi, na rungume ta ina ta yi mata bayani da Hausa. Shinkafata ta ƙone ƙurmus, Baba yana dariya har hularsa ta faɗi.

Bayan magariba maigidana ya shigo, a tsohuwar motar dai, don sai an gama takardu za a ba shi sabuwar. Tun daga bakin ƙofa ya durƙusa, ya ɗauko gaisuwar daga inda aka yanke ta. "Ya ƙafar, Baba?" Baba ya amsa kowacce, kansa a sunkuye, har suka kai ƙarshe.

Da na samu na ja shi kicin, na tambaye shi ko sanyin sabuwar motar yana aiki sosai, kujerun kuma na fata ne? Ya ce wallahi bai duba ba. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kin dai ji abin da Baba ya ce mini?"

"Na ji mana. Basra."

"A'a," ya ce. "Kafin nan."