Malam Abarshi da Kalmar "Ɗan Kaɗan"

Duk mai sammako ta hanyar Kuyello ya san ƙarar keken Malam Abarshi, babban malamin daji na En'e a Birnin Gwari. Da ya idar da sallar asuba sai ya saka kakinsa, ya ɗaure goran ruwa, ya nufi gandun daji. Ba ya wuce ruga bai sauka ya tambayi lafiyar shanu ba, manoman Gbagyi kuwa da harshensu yake yi musu sannu da aiki. Kafin rana ta take ya nutsa cikin doka da maɗaci, yana duba inda aka yi sara ba izini da inda wuta za ta iya tsallakowa. Yanzu furfura ta cika masa kai, yana shirin ajiye aiki, zuciyarmu kuwa ta ƙi yarda ya tafi shiru.

Makiyaya na ba da labarin shekarar gobara, da ya tsaya da ɗanyen ganye a hannu yana kashe wuta har girarsa ta babbake. Amma abin da ya fi girgiza zukatan da suka san shi a inuwar ofis ya faru, ranar da Baturen daji ya zo daga Zariya ɗaukar sabon ma'aikaci.

Cikin masu nema akwai Dabo, ɗan Bakoji manomi, wanda ya gama Midil. Shi ne na farko da ya yi boko a zuriyarsu, kuma dangi sun daɗe suna yi wa uban dariya, wai ya ba da mai noma zai karɓo mai zaman banza. Gurbi ɗaya ne rak. In Dabo ya rasa shi, gida zai koma da takarda a aljihu, dariyar nan ta tabbata. Ga shi sakamakonsa tsaka-tsaki ne, lissafi ma da ƙyar ya tsallake.

Baturen ya iya Hausa, irin ta littafi. Ya tambayi Dabo ko ya san itatuwa. Yaron ya durƙusa, ido a ƙasa, ya ce ɗan kaɗan. Ko yana jin Fulatanci? Ɗan kaɗan. Hanyoyin daji fa? Nan ma ɗan kaɗan. Bature ya ture takardar gefe, ya ce sakamako ya ce matsakaici, baki ya ce kaɗan, to me ya rage?

Malam Abarshi yana tsaye a gefe. Ya san ba a katse Bature, ya kuma san yaron nan a bakin daji ya tashi, tare da 'ya'yan Fulani ya yi wasan ƙasa. Kunya ce kawai ta gidan tarbiyya, inda yaro ba ya cewa "na sani" a gaban babba. Sai ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni ma tambaye ni ko na san dajin nan."

Bature ya tambaye shi. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗan kaɗan."

Baturen ya yi dariya har ya cire tabarau, don da ƙafar wannan mutum aka shata iyakar gandun. Nan Malam ya bayyana masa cewa a garin nan ba a tambayar ɗan mutunci ko ya sani, cewa ake yi ya nuna. Bai raina takardar ba. Ya ce gaskiya ta faɗa a kan lissafi, sai dai ba ta da wurin rubuta ko mutum zai iya hana makiyayi sassare kaɗanya su kuma rabu suna gaisawa. Ya roƙa a ba shi yaron gwaji na damina guda, in bai yi ba, a ɗora laifin a wuyansa. Bature ya amince.

Kai ne, Malam, ka jingina sunan da ka yi shekaru kana ginawa a kan yaron da ba ɗanka ba. Kai ne kuma ba ka rufe ido ga rauninsa ba, wannan shi ya fi ba ni mamaki. Ranar farko da Dabo ya auna kaurin maɗaci ya kawo maka, ka dubi adadin, ka dubi bishiyar, ka ce, "Ɗan Bakoji, maɗaci ka auna ko sandar makiyayi?" Daga ranar, kullum bayan la'asar yana kan tabarmar zaurenka da fensir, kana tisa masa awo da rabawa. Matarka Saude ta ce har ta gaji da ɗumama tuwo. Da Dabo ya yi ƙorafin ai an riga an ɗauke shi, ka gaya masa jarrabawa ba ƙarya ta yi masa ba, ciwo ta nuna, kuma ba a jin haushin mai nuna ciwo.

Damina ta wuce, Bature ya dawo. Ya zaɓi bishiya da kansa, ya miƙa wa Dabo igiyar awo. Malam ya juya baya kamar yana kallon tsuntsaye, leɓɓansa na motsi. Awo ya fito daidai. A ranar aka tabbatar da Dabo a aiki. Waɗanda suka ga Bakoji sun ce tun daga gona ya zo da laka a ƙafa, ya riƙe hannun Malam.

Yau Dabo ne zai gaji kujerarka, ya Malam inuwar matasa, kuma a bakinsa muka ji wannan duka, idonsa cike da hawaye.

Mun gode, Malam Abarshi. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya saka maka da abin da ya fi yabonmu. 'Yan makaranta, ku dage da karatu, don sakamako mai kyau shi ke kai mutum bakin ƙofa. Ku kuma da aka damƙa wa ɗaukar 'ya'yan mutane aiki, ku bi sawun wannan dattijo. Bayan kowane yaro da ya durƙusa a gabanku akwai gida guda da ya zuba ido a hanya, yana jiran ya ga da wace fuska zai dawo.