Hatsin da Kawu Habibu Ya Bari a Tabarma

A wannan daminar Kawu Habibu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ƙanin mahaifiyata ne, malamin firamare a Gwaram, mai son buɗe cikin abubuwa ya ga yadda suke. Rediyo bai tsira daga hannunsa ba, agogon bango ma haka. Amma abin da ya fi ƙauna shi ne wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu da ya samo a gwanjo, mai ɗan tsinke da ake taɓa fuskarta da shi. Tun a lokacin ta tsufa, sai dai tana ɗaukar murya, kuma don wannan ya saye ta.

Kakarmu, mahaifiyar su Kawu, ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ke jin Fulatanci. Shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, harshen kuma yana bin sawunsu. Bayan la'asar Kawu yakan zauna gabanta, ta riƙa kiran sunayen kayan ruga yana ɗauka. Sai dai cikin na'urar ƙarami ne. Yakan ce rumbun gwauro ce, dami kaɗan ke cika ta. Kafin ya ɗauki sabon abu, sai ya daɗe yana saurare, yana auna wanda zai goge. Burinsa kullum ya ƙara mata memori, wato wurin ajiya, amma ajali ya riga shi. Ba a daɗe ba Kaka ta bi shi.

Tun daga nan Inna, mahaifiyata, ke riƙe da na'urar. Kawu ya taɓa gaya mata cewa ranar da wuta ta ƙare mata ƙaf, duk abin da ke ciki ya tafi. Don haka take kai ta caji kamar mai shayar da akuya, ko da lasifikar ta mutu muka daina jin komai.

Bana bayan na'urar ya fara kumbura. Na kai ta wurin Malam Isiyaku mai gyaran waya a Birnin Kudu, na ce ya ƙara mata memori.

"Wanne daga ciki, Malama? Ku komai memori ne a wurinku."

Ya ce iri biyu ne. Ɗaya kamar tabarmar shanya ce, inda na'ura ke baza aikinta, ɗayan kuma katin ajiya, shi ne rumbun gaskiya. "Kawunki a tabarma ya bar hatsinsa," in ji shi. "Batir ne kawai ke kora masa kaji, shi ma ga shi ya gaji."

Ke nan dole a kwashe muryoyin zuwa kati kafin a taɓa komai. Ya gwada katunan yanzu, na'urar ta ƙi gane su, sun fi ƙarfinta. Na yi ta cigiya, Inna kuma kowace safiya tana tambayata ko fuskar na'urar na kawo haske. Daga ƙarshe wani tsohon mai hoto a Gwaram ya zaro mini ƙaramin kati daga kyamarar da ya daina aiki da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na ga sanda aka gama kwashewa. Malam Isiyaku ya sa katin a kwamfutarsa, ya kunna. Na zaci jerin kalmomi zan ji. Sai ga muryar Kaka tana cewa, "Kosam. Nono ke nan. Maimaita."

"Ƙosai," in ji Kawu.

"Ni ina maganar saniya, kai kana hango kasko. Haka kake koyar da 'ya'yan mutane, Malam?"

Sai dariyarsu ta rufe sauran. Kusan duk abin da ya rage haka yake: yana ɓata kalma, tana yi masa tsiya. Ashe darussan da suka fita tsaf su ya riƙa gogewa, ya bar waɗanda ta yi dariya a cikinsu.

Yanzu an sauya wa na'urar batir, an ƙara mata tabarma daga wata 'yar'uwarta da ta mutu, ga kuma kati. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da wayoyinmu, waɗanda ke haɗiye komai ba sa ƙoshi. Na san zai fara neman inda ake buɗe su. Amma anya zai so su? Mu ba ma gogewa, saboda haka ba ma zaɓe, kuma wanda zai duba wayata bayan raina ba zai gane abin da na fi so ba.

Shi ƙarancin wuri ya tilasta masa faɗin gaskiyar zuciyarsa. Ya fita neman harshen da ke shirin ɓacewa, kalmomi kaɗan ya tsirar. Dariyar mahaifiyarsa kuwa bai bar ko ƙwaya ta zube ba. Allah Ya jiƙansu, Ya haɗa su a inda ba a goge komai.