Ranar da Na Kai Motar Baba Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi

Ana idar da sallar asuba na fito da motar Baba don in riga cunkoso. Kwana biyu ta tsiri mutuwa a tsakiyar titi, ga wata fitila ruwan ɗorawa da ta kafe a gaban sitiyari. 'Yar Beljiyam ce, ya saye ta shekarar da sojoji suka koma bariki. Kujerar direba tana da maɓalli, in ka danna sai ta ja baya da kanta ta tsaya daidai tsawon ƙafarsa. Tun da ya rasu Inna ba ta fita ko'ina, sai dai da yamma ta shiga motar ta danna maɓallin, ta zauna shiru.

Ta biyo ni har zaure. "Habiba, a gyara komai, amma kada a taɓa masa kujera."

Titin Zariya

Ko nisan kirki ban yi ba ta mutu. 'Yan acaɓa suka tura ni gefe suna yi mini dariya. Wani mai gyaran wayar mota ya taso daga rumfarsa, ya buɗe bonet.

"Hajiya, ƙwaƙwalwarta ce ta rikice. A cire kan batir ta manta komai, fitilar ta mutu, shi ke nan."

Har ya ɗora sifana.

"Har kujera za ta manta?"

"Irin wannan? Har rediyo."

Na daka masa tsawar da ni kaina sai da na ji kunya. Na ba shi haƙuri, na jira inji ya huce, ta tashi, na lallaɓa.

Tarauni

Hantsi ya ɗaga na isa garejin Baba Sande, mutumin kudu ne, aminin Baba tun ba a haife ni ba. Matarsa ta dire mini shayi da ƙosai, ta tsare ni sai na cinye. Shi kuwa ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambar da ta fito, ya bi waya ɗaya da yatsa har bayan inji.

"Ɓera ne, 'yata. Ya ci wayar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inji yana juyawa. Kan batir ma ya ruɓe, dole a canza."

Na tuna abin da mai gyaran wayar nan ya ce. Na gaya masa zancen Inna. Sai ya ɗauko wani batir ya haɗa ta gefe don kada wuta ta yanke wa ƙwaƙwalwar.

"Riƙe nan. Ko ƙuda ya hau miki hanci, kada ki saki."

Na riƙe har yatsuna suka sage. Da ya gama, fitilar ta mutu. Ya shiga ya danna maɓallin, kujera ta ja baya, ƙafarsa ta kasa kai totur.

"Kai, Dogo," ya ce, yadda yake kiran Baba. Ya goge ido da bayan hannu, duk baƙin mai.

Gida

Motar ba ta ƙara tari ba har gida, alhamdu lillahi. Inna ta fito. Ta shiga ta danna, ta ji kujera ta tafi inda ta saba. Na ba ta labarin Baba Sande tana sunkuye.

Can ta ɗago. "Allah Ya saka masa. Gobe ki kai ni in yi masa godiya da bakina."