Mai Salansa Biyu Ya Je Barkiya

Dutsin-Ma, ƙofar gida

Muna idar da sallar asuba na turo babur ɗin Malam daga zaure zuwa ƙofar gida. Da a zamanin Malam ne, da tuni ya ci rabin hanya, amma yanzu ba mai hankalin da zai kama hanyar Kurfi gari bai yi haske ba. Muka tsaya jiran wayewar gari ni da Yaya Sani, kowa na satar kallon ɗan'uwansa.

Malam shi ne mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Malamin gona ne, kuma a kan wannan babur ya zagaye ƙauyukan ƙasar nan har ya tsufa. Babur ne mai silinda biyu, kowace da kafiretarta da fuloginta da salansarta, shi ya sa mutanen ƙauye suka sa masa Mai Salansa Biyu. Tun da Malam ya rasu yake jingine a zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Yaya Sani ɗan kasuwar hatsi ne, zauren yake so ya zuba buhuna, har ya gama magana da 'yan gwangwan su zo su sassare babur ɗin su auna. Ni kuwa tela ne, na ce ba a sare shi ina raye.

Da gardama ta yi tsawo muka buga wa Baba Isiya waya, yayan Malam da ke Barkiya, wanda idanunsa suka rufe shekarun baya. Bai ja magana ba. Ya ce, "Ku kawo mani shi bisa ƙahwarshi, ku biyu a kai, in ji kukanshi. In ya iso, na Lawal ne. In ya mutu a hanya, Sani shi saida abinshi." Lawal ɗin ni ne.

Abin da aka yi a tsakar gida

Kafin wannan safiya sai da damina guda ta ƙare ina ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida da sufana a hannu. Bakaniken unguwarmu ya leƙa sau ɗaya ya ce shi mai silinda ɗaya ya sani, Allah Ya ba da sa'a. Sai na ce to, wanda ya iya kwance keken ɗinki ya mayar, ba zai ji tsoron ƙarfe don ya fi girma ba.

Na wanke tanki da kananzir har tsatsa ta daina fita. Na zubar da tsohon baƙin mai, wanda ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, na zuba sabo. Na sa sababbin fulogi da batir da tayoyi, na jiƙa sarƙa a mai. Kafiretocin biyu na kwance su a kan faranti biyu dabam, don kada kayan wannan su shiga na wancan, ina bin ƙananan ramukansu da silin waya. Tazarar bawul kuwa da reza na gwada ta, yadda na ga Malam yana yi.

Tayar da shi bai ba ni wuya kamar daidaita shi ba. Mai silinda biyu tamkar shanun huɗa ne, in ɗaya ya fi ɗaya ja, kunya ta karkace. Sai in cire hular fulogin dama in bar hagu ita kaɗai tana aiki, in juya ɗan sukurun sulo har ta tsaya da kanta ba ta mutu ba, sannan in koma wa dama in yi mata haka. Daga nan na yi dabarar teloli. Na yanko ƙyalle biyu daidai wa daida, na rataya kowanne a bayan salansa ɗaya, ina juya sukuru ina kallo har suka riƙa kaɗawa tare. Ranar da suka daidaita na yi ihun da maiɗakina ta fito da ludayi a hannu, ta ɗauka yatsa na yanke.

Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban taɓa hawa da shi babban titi ba, iyakata zagayen unguwa a hankali.

Daga gida zuwa shinge

Da haske ya fito na yi bismilla na buga kik. Bugu ɗaya ya tashi, da wannan kuka mai kauri da duk Dutsin-Ma ta taɓa sani. Yaya Sani ya tattare babbar riga ya hau baya, yana cewa, "Na dai riƙo kuɗin mota, don ni ba ni tahiya ƙasa."

"Ka aje su, Yaya, ka sai mani hura a Kurhi."

Muka fita gari muka miƙa arewa. Kaka ce, an gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran rana. Amalanke na fitowa daga gonaki, 'yan acaɓa na wuce mu suna waiwaye. Ina tafe a hankali don inji ya ɗumama, zuciyata fal da murna.

A shingen farko jami'an tsaro da 'yan sa-kai suka tsayar da mu. Ban ga laifinsu ba, babban babur a hanyar nan abin dubawa ne. Na miƙa takardu. Wani dattijo cikin 'yan sa-kan ya zagaya bayan babur ɗin, ya duƙa, ya miƙe.

"Wanga ba na malamin gona ba ne? Wanda ke zuwa Kutawa da irin gyaɗa?"

Na ce shi ne, mu ɗiyansa ne. Ya yi wa Malam addu'a mai tsawo, ya ɗage mana itacen da hannunsa. Na ji Yaya ya amsa amin a hankali.

Gindin tsamiya, kafin Kurfi

Da muka bar shinge titi ya buɗe, na ce yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Na murɗa mai. Babur ya zabura, iska ta cika mana riguna. Ba mu yi nisa ba ya fara tari. Ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, sannan kukan nan mai kauri ya koma na mai silinda ɗaya. Na gangara gefen titi gindin wata tsamiya.

Na kai tafin hannu bayan salansar dama, zafi da bugu. Na kai ta hagu, sai ɗumi-ɗumi. Na kwance fulogin hagu, wuta na nan, shuɗiya tas, amma bakinsa a bushe. Na duba robar mai, mai na sauka. Na mayar na tayar, ya yi sulo lafiya lau kamar ba shi ba. Muka hau, ina murɗawa ya sake yi. Sau uku muna haka, har muka sake tsayawa gindin wata tsamiyar, rana ta fara zafi, zufa na ɗiga daga haɓata a kan tanki.

Ba zan ɓoye ba, na ji kuka ya zo mini. Ba don wahalar damina ba, sai don ina hango 'yan gwangwan da gudumarsu. Sharaɗin Baba Isiya a fili yake, kuma ga Yaya, mai shaida, zaune a kan saiwa yana kaɗa makullan shagonsa. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru ya tare mota.

Motoci biyu suka wuce bai ɗaga hannu ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka hura robar?"

"Wace roba?"

"Kai dai tela ne." Ya tashi ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a cikin ƙasa da farar shaddarsa. Ya zura hannu bayan kafiretar hagu ya jawo wata 'yar siririyar roba da ke lilo, wadda ba ta haɗe da komai a ƙasa. Na sha ganinta, na ɗauka ta zubar da rarar mai ce kawai. "Ta nan take lumfashi," in ji shi. "In ta toshe, a tsaye ba ka ganewa, sai ka buɗe mai. Duk Juma'a Malam sai ya sa ni hura su, kana goye lokacin. Ni na san ɗanɗanon hetur tun ban san na goro ba."

Ya cire ta ya sa a baki ya hura. Kumatunsa suka cika, iska ba ta wuce ba. Ya karyo tsinke ya zura, sai ga busasshiyar laka na zubowa, har da 'yar matacciyar tsutsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, shekarun da babur ya yi a zaure. Ya hura ta dama, ita garau take. Ya tofar da yawu, ya goge baki da hularsa.

Na ce, "Yaya, da ka yi shiru ai ka ci."

"Tada mashin, rana na yi."

Na tayar, muka hau, na murɗa. Wannan karon bai yi tari ba. Silinda biyun suka kama tare, kukan ya cika titi, bishiyoyi suka fara gudu baya. Na ji Yaya ya riƙe kafaɗata yana ihu cikin iska, "Ƙara mashi! Malam ya hi haka!"

Kurfi

Mun shiga Kurfi da hantsi. Muka tsaya wajen mai shayi kusa da tasha, aka soya mana ƙwai, muka haɗa da burodi. Kafin mu shanye, mutane sun kewaye babur ɗin, masu taɓa tanki na yi, masu ƙirga salansa na yi. Wani ya tambaya ko na sayarwa ne. Ban buɗe baki ba Yaya ya ce, "Ka ga an rubuta?" Na sunkuyar da kai cikin kofi don kada ya ga dariyata.

Na ɗan ƙara wa sarƙa tauri, don ta saki a hanya, na duba mai. Mai shayin ya ce mu bi a hankali, ruwan ƙarshe ya ci hanyar Barkiya a wurare, kuma mu juyo da wuri. Furar da na roƙa tun a gida Yaya ya saya, muka ƙulla a leda don Baba Isiya.

Hanyar Barkiya

Daga nan sai hanyar daji, rairayi da kwazazzabai. Nan Mai Salansa Biyu ya nuna abin da aka yi shi dominsa. Inda ƙananan babura ke tsayawa fasinja ya sauka ya tura, mu sai in sauke giya ya haye da mu biyu ba ko nishi. Muka ratsa garken shanu, makiyayin ya ɗaga mana sanda. Sau ɗaya taya ta zame a rairayi muka kusa sumbatar ƙasa, Yaya ya yi salati ya ce in na kashe shi, zauren ma ba wanda zai ci.

Barkiya

Tun daga bakin gari na hango shi. Baba Isiya na tsaye a ƙofar gida, ba sanda, ya dafa bango, fuskarsa na fuskantar hanya. Daga baya Inna Abu, matarsa, ta gaya mana yana kwance a rumfa ya ji kukan tun muna nesa, ya miƙe zumbur ya ce mata, "Ɗebo ruwa, ga Mamman nan ya iso." Mamman sunan Malam ne. Sai da ta kai bakin randa su biyun suka tuna Mamman ba ya duniya.

Na tsaya gabansa zan kashe, ya ce, "Bar shi." Muka kama hannunsa muka kai shi bayan babur. Ya duƙa da ƙyar, ya sa tafin dama a bayan salansa ɗaya, na hagu a bayan ɗayar, yana saurare. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"Tare suke ja," ya ce. "Wa ya daidaita su?"

Yaya ya ce, "Lawal ne, Baba."

Na ce, "Da ba don Yaya ba, da yanzu muna gindin tsamiya." Na ba shi labarin zanzaro. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ƙwaro tun Mamman na da rai suke gaba.

Muka ci dambu da man shanu, muka yi azahar. Ina jira ya yanke hukunci, sai ya ce a ɗora shi. Yaya ya ɗaga shi ya zaunar a baya, na zagaya da shi gari a hankali, ya riƙe ni da hannuwa marasa nauyi, yana amsa gaisuwar mutane ta muryoyinsu. Da muka dawo ya sauka ya ce, "Maganata ba ta tashi. Ya iso, na Lawal ne. Amma duk kaka ku kawo mani shi in ji, ku biyu."

Komawa gida

Mun juyo da wuri kamar yadda mai shayi ya ce, muka yi la'asar a Kurfi, muka shiga Dutsin-Ma rana na shirin faɗuwa. Babur bai yi ko atishawa ba. A ƙofar gida muka tarar da ɗan gwangwan da kurarsa, ya zo ɗaukar abin da aka yi masa alkawari. Yaya ya ba shi haƙuri, ya haɗa shi da tsoffin langa-langar bayan gida don kada ya koma hannu rabbana.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa dattijon shinge da mai shayin Kurfi da Inna Abu mai dambu. Yaya kuwa ban san yadda zan gode masa ba, kuma bai ba ni dama ba. Ina tura babur cikin zaure na ga ya janye buhuna biyun da ya riga ya ajiye, ya jingine su waje. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe shaddarsa da ta gama baƙi.

"Ranar Juma'a kar ka taɓa robobin nan," ya ce. "Ni ke hura su."